Yekini da raga

Daren jiya na sake kallon ƙwallon da Rashidi Yekini ya ci Bulgeriya a gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka. Sau biyar na mayar da bidiyon baya. Finidi George ya turo ta daga dama, Yekini ya ɗan taɓa ta kawai ta shige. Sai ya bi ta cikin raga, ya damƙi zaren da hannu biyu yana jijjigawa, baki buɗe, yana kuka. Wallahi har yau in na ga wurin nan sai tsigar jikina ta tashi. Ita ce ƙwallon farko da Najeriya ta taɓa ci a wannan gasa.

Mutane na ganin aikin ɗan wasan gaba sauƙi ne, wai tsayawa kawai yake yi a kawo masa. Ni ban yarda ba. Mutumin nan daga ƙungiyar ƙwallon UNTL ta Kaduna ya faro, ya bi ta Shooting Stars da Africa Sports ta Abidjan, kafin ya isa Vitória Setúbal a Fotugal. Shekaru yana shan duka a hannun 'yan baya kafin a ba shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1993. Ƙwallaye 37 ya ci wa Super Eagles.

Abin da ke ci mini rai shi ne ƙarshensa. Ya rasu a Ibadan a 2012, cikin kaɗaici, nesa da duk wannan shewar. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa.