Ni da Yaya mun sa caca a kan zinaren Amurka na 2028

Ranar 11 ga Agustan 2024, ranar da aka rufe gasar Olamfik ta Paris, ni da yayana muna zaune gaban talabijin muna kallon wasan ƙarshe na ƙwallon kwando na mata tsakanin Amurka da Faransa. Sin ta riga ta tara zinare 40, Amurka tana da 39, kuma wannan ce lambar zinare ta ƙarshe da ta rage a gasar baki ɗaya. Daf da a busa tashi, Gabby Williams ta Faransa ta jefa ƙwallo ta shiga, amma ƙafarta ta taka layi, sai aka ba ta maki biyu a maimakon uku. Aka tashi 67 da 66. Da kaurin ɗan yatsan ƙafa Amurka ta kamo Sin, aka yi kunnen doki 40 da 40.

Yaya ya miƙe yana cewa, "Bari a je gasar Los Angeles ta 2028, a gidansu za su ba Sin tazarar zinare ashirin." Na ce, "Yaya, ko goma ba za su ba ta ba." Tun ranar muke wannan musu, kuma har yanzu ban janye ba.

Hujjar Yaya ba ta banza ba ce. Mai masaukin baƙi kusan kullum yana tashi sama. Sifaniya ta samu zinare 1 tak a Seoul a 1988, da gasar ta zo Barcelona a 1992 sai ta kwashi 13. Japan ta tashi daga 12 a Rio zuwa 27 a Tokyo. Faransa daga 10 a Tokyo zuwa 16 a Paris. Ana zuba kuɗin horo shekaru kafin gasa, 'yan wasa ba sa fama da doguwar tafiya ko sauyin yanayi, ga 'yan kallo a bayansu. Ya kuma fi son ya tuna min da 1984, lokacin da Amurka ta ɗauki zinare 83 a wannan birni na Los Angeles. Nan nake tare shi, domin a shekarar Tarayyar Sobiyet da Jamus ta Gabas sun ƙaurace wa gasar. Kokawar da babban abokin karawa bai zo ba, ai ba a yi wa wanda ya yi kaye kirari da yawa. A Atlanta a 1996, da kowa ya hallara, 44 ta samu.

Sannan akwai gatan da ake yi wa mai gida na ƙara wasannin da yake so. Japan ta ci moriyar wannan sosai: ta shigo da besbal da sofbal ta cinye duka biyun, ta kuma kwashi zinare 3 cikin 4 a wasan sulu kan allo mai taya. Amurka ta zaɓi nata guda biyar: besbal da sofbal, lakuros, kurket, sikwash, da ƙwallon Amurka irin wadda ake fizge ƙyalle daga ƙugu maimakon a kayar da mutum. Idan aka haɗa maza da mata, zinare 10 ke nan.

To sai dai a duba su ɗaya bayan ɗaya. Kurket ba na Amurka ba ne, Indiya da Ostareliya da Ingila ne za su yi rabonsa. Sikwash kuwa kamar an yi wa Masar kyauta ne, don su Nour El Sherbini da Mostafa Asal sun daɗe suna juya wasan yadda suka ga dama. Wannan ma ya faranta min rai, ban ɓoye ba. Japan ce ta doke Amurka a wasan ƙarshe na besbal da na sofbal a Tokyo. Lakuros akwai Kanada. Hatta ƙwallon fizge ƙyallen, matan Meziko sun lallasa na Amurka 39 da 6 a 2022, kuma a jihar Alabama aka yi, a cikin gidansu. Cikin goman nan, in Amurka ta samu biyar ta gode Allah.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa shi ne inda Sin ke ɗibar nata. A Paris ta cinye zinare 8 na tsunduma ruwa daga bisa, ba ta bar wa kowa ko ɗaya ba. Ta cinye 5 na ƙwallon tebur. Ta ƙara 5 a ɗaga nauyi. Ihun 'yan kallo ba ya sa yarinyar da ta shekara goma tana maimaita tsalle guda ta yi kuskure. Waɗannan rumbuna ne da Sin ta rufe ta sa mabuɗi a aljihu, kuma za ta taho da su Los Angeles.

Amurka ita kuma ƙarfinta yana guje-guje da tsalle-tsalle, inda ta samu 14 a Paris, da ninƙaya, inda ta samu 8. Nan ne kowa ke son ya gutsura. Abin dariyar ma, ita ce ke horar da masu gutsurar. Léon Marchand da ya ba Faransa zinare 4 a ninƙaya, a jami'ar jihar Arizona ya goge, a hannun Bob Bowman, mutumin da ya horar da Michael Phelps. Julien Alfred ta Saint Lucia da ta lashe tseren mita 100 na mata, a jami'ar Texas ta yi karatu. Ita kanta Gabby Williams da ta kusa hana su zinaren nan na 40, a Amurka aka haife ta, a jami'ar Connecticut ta yi wasa. A 2028 irin waɗannan ma a gida suke, sun san wurin, sun san yanayin.

Ban ce Amurka ba za ta zo ta ɗaya ba. A jimillar lambobi babu mai ja da ita, 126 ta tara a Paris, Sin 91. An kuma ƙara tseren mita 50 a ninƙayar rigingine da ta kwaɗo da ta malam-buɗe-littafi, wanda zai iya yi mata rana. Hasashena ita ce kan gaba a zinare, da tazarar biyar zuwa takwas.

Yaya ya ce in rubuta in ajiye, kada in zo in yi musu daga baya. Ga shi na rubuta. Za a buɗe gasar ranar 14 ga Yulin 2028, a rufe ranar 30, kuma wanda ya faɗi shi zai biya kuɗin tashar wasanni na shekara guda.