Abin da Badun ta koya mini a kan kalmar "baƙo"

Da na sauka Ibadan, wadda iyayenmu ke kira Badun, don aikin bincikena a kan tarihin Hausawan unguwar Sabo, na zo ne da amsata a aljihu: gari na Yarbawa, Hausawa baƙi. Malamin da ke duba aikin ya karanta shafin farko ya ce in je in fara sanin waɗanda nake kira masu gari tukuna. Raina bai so ba a lokacin, ga shi kuwa duk abin da na samu daga baya daga nan ya faro.

Ashe Badun ta yau sansanin yaƙi ce tun asali. Wajen 1829, lokacin da daular tsohuwar Oyo ke wargajewa, mayaƙan Ife da Ijebu da 'yan gudun hijirar Oyo suka yada zango a kan waɗannan tuddai. Egbawan da suka tarar kuwa, su ma wani reshe na Yarbawa, suka tashi suka kafa Abeokuta wajen 1830. Ni da nake yi wa Yarbawa kuɗin goro, sai ga shi kowane gida yana da garin da kakansa ya baro.

Sarautarsu ce ta fi tsaya mini a rai. Ɗa ba ya gadon ubansa a kujerar Olubadan, wato sarkin Badun. Layi biyu ne, na Otun da na Balogun, wato na farar hula da na mayaƙa, suna karɓa-karɓa. Mutum zai fara da shugabancin gidansu, ya yi ta hawa mataki sama da 20, shi ya sa sarakunan kan hau da furfura. Shugaban gidan nan kuma mogaji suke ce masa. Ran da na fara jin kalmar a bakin wani dattijo kusa da tudun Mapo da ke tsakiyar garin, sai da na sa ya maimaita. Magajinmu ne, ya shiga harshensu ya zauna.

Sai na koma Sabo da wani kunnen daban. A 1916 aka keɓe unguwar ga Hausawa, bayan jirgin ƙasa ya iso garin a 1901 ya kuma kai Kano shekara goma bayan haka. Shanu su gangaro kurmi, goro ya haura Arewa. Na yi yini uku a zauren wani tsohon maigidan fatake, ina kallon yaransa suna yayyafa wa goro ruwa, suna tsince mai tsutsa, suna jera ganye kafin a ɗaure huhu. Ya bayyana mini yadda baƙo zai kawo shanu ya sauka gidansa, ya ci ya kwana, a sayar wa mahauta bashi, shi maigida ya tsaya a kan kuɗin ba tare da takarda ba. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya rubuta wannan tsari a littafinsa na 1969, amma sai a zauren nan na gane nauyin amanar da ke cikinsa.

Na tambaye shi, "Baba, yaushe za ka koma gida?"

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, a nan aka binne mahaifina."

Tambayar ta dame ni kwana da kwanaki, domin da bakina na mayar da shi baƙo a garin da aka yanke masa cibi. Jikokinsa suna ciniki da Yarbanci a kasuwar Bodija, su dawo gida su yi Hausa.

Ban ce zaman ba ya da tabo ba. Rikicin Hausawa da Yarbawa a kasuwar Shasha ta Badun na watan Fabrairun 2021 ya ci rayuka da dukiya, kuma na zauna da waɗanda har yanzu muryarsu ke rawa idan suna ba da labarinsa. Na sa wannan a babi na huɗu yadda suka faɗa mini. Babi na farko kuwa na yage shi, na sake shi daga 1829.