Zarto, alfadarai da hanyoyin dajin Bob Marshall

A dajin Bob Marshall da ke jihar Montana ta Amurka, doka ta hana kunna inji. Ba mota, ba babur, ba zarton inji, kai ko keke da baro ba a yarda su shiga ba, sai dai in wata larura ta sa hukuma ta ba da izini na musamman. Dokar kare dazuzzuka ce da shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1964, kuma wannan daji mai faɗin sama da eka miliyan ɗaya yana cikin na farkon da ta shafa. Saboda haka duk bishiyar da ta faɗi ta tare hanya a cikinsa, sai mutum ya taka da ƙafarsa ko ya hau doki ya je ya yanke ta da ƙarfin damtse. Aikin da na tsinci kaina a ciki ke nan bayan neman abinci ya kawo ni garin Kalispell.

Mutanen da na bi 'yan ƙungiyar Back Country Horsemen ne, wadda aka kafa a 1973 a nan kwarin Flathead. A lokacin an fara maganar taƙaita shigar dawakai daji saboda ɓarnar da suke yi. Maimakon su tsaya ƙorafi, sai mahayan suka ce za su riƙa gyara hanyoyin da kansu kyauta, su kuma koya wa junansu yadda ake shiga da dabba ba tare da an lalata wuri ba. Yau ƙungiyar tana da rassa a jihohi da dama. Ba a biyan kowa ko sisi. Man motar da ta jawo dawakai zuwa bakin daji, da abincinsu, da kuɗin sa musu takalmin ƙarfe, duk daga aljihun mai su ne.

Ni a Katsina na tashi, a gidan da ba a raba shi da doki, inda ake wanke shi a yi masa kwalliya don hawan Sallah. Nan kuwa doki ɗan dako ne, kuma alfadari ya fi shi daraja, domin ya fi shi sanin inda zai sa kofato a kan dutse, ya fi shi haƙuri da kaya. Kafin a bar ni in taɓa zarto, sai da na daɗe ina koyon ɗaurin kaya kawai. Ana naɗe kayan ne cikin tamfol, ƙunshi biyu, a rataya kowanne a ma'auni kafin a ɗora. Dole nauyin dama da na hagu su zo ɗaya, in ba haka ba sirdin ya karkace, ya goge bayan dabba har ya yi gyambo. In an yi nisa aka ga kaya na rinjaya gefe guda, sai a tsaya a cusa ɗan dutse a ɓangaren da ya fi sauƙi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake jera alfadaran: kowanne ana ɗaure ragamarsa a sirdin na gabansa da siririyar igiya wadda da gangan aka zaɓe ta don ta tsinke. In ɗaya ya zame a gefen kwazazzabo, shi kaɗai zai tafi, ba zai ja sauran ba. Dattijon da ke jagorantarmu, tsohon makiyayin shanu ne mai ƙarancin magana, bai yi mini wani dogon bayani ba. Wurin da za mu bi kawai ya nuna mini da hannu, na leƙa ƙasa na hango kogi can nesa, na gane.

Zarton na mutum biyu ne, tsawonsa ya kai tsayin mutum, kuma yawancin waɗanda ake ji da su sun girmi masu jan su, don an daina ƙera masu irin wannan ƙarfen tun da zarton inji ya kama kasuwa. Ana rufe haƙoransa da tsohon tiyon 'yan kwana-kwana da aka tsaga, a lanƙwasa shi a bayan alfadari. Ƙa'idarsa guda ce: ja ake yi, ba a turawa. Ka ja naka, ka saki abokinka ya ja nasa. Ka tura, zarton ya lanƙwashe, ku duka ku sha wuya. Da na kama da ƙarfi irin na mai son a ce ya iya, dattijon ya ce, "Ɗana, sassauta. Nauyinsa ne ke yanka, kai rakiya kawai kake yi."

Yankan ma shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne karanta gungumen kafin a taɓa shi. Itacen da ya faɗi ya tokare da duwatsu ko wasu bishiyoyi yana ɗauke da ƙarfi a ɓoye: wani gefensa a matse, wani a miƙe. Ka fara ta gefen da ke matse, tsagar ta rufe ta cije zarton. Ka yanke na miƙen ba lissafi, gungumen ya yi tsalle ya karya maka ƙafa, kuma asibiti na can bayan tafiyar yini. Shi ya sa sai mu zagaya itace ɗaya muna shawara tsawon lokacin da ya fi na yankan, a tsayar da inda kowa zai tsaya da inda zai gudu, a doka 'yan guntayen roba masu bakin gatari a tsagar don kada ta rufe. Hukumar gandun daji ba ta barin ɗan sa kai ya ja zarto sai ya yi horo ya karɓi shaida, kuma na ga hikimar haka. Inda gobara ta taɓa ci ko ƙwaro ya kashe bishiyoyi, za ka iya wuni ba ka share mil guda ba.

Akwai kuma aikin da ba mai ɗaukar hotonsa, wato buɗe magudanan ruwa. Ruwan sama da narkakkiyar dusar ƙanƙara in suka samu hanya sai su mai da ita rafi. Ana haƙa 'yar kwata a karkace ta fitar da ruwan gefe, da wani ƙarfe mai baki biyu, gatari ta nan, fartanya ta can, wanda ake kira Pulaski, sunan wani jami'in daji da ya yi suna a babbar gobarar 1910. Gungume dai ana iya kewaye shi. Hanyar da ruwa ya cinye kuwa sai an sake ta daga tushe.

A zango ma akwai tsari. Ba a ɗaure doki a gindin bishiya ya kwana, don zai tone saiwarta da kofato ya ɓare bawonta. Igiya ake miƙawa sama tsakanin bishiyoyi biyu da faffaɗan ɗamara, nesa da ruwa, a ɗaure dabbobin a jikinta. Da safe a warwatsa kashinsu, a cike ramukan da suka tona. Abincinsu sai wanda aka tabbatar ba irin muguwar ciyawa a ciki, kuma tun a gida ake fara ba su shi kwanaki kafin tafiya, don abin da ke cikin ciki ma ya fita. Namu abincin, har da man goge baki, ko dai a akwatin da beyar, wata ƙatuwar dabbar daji, ba ta iya buɗewa, ko a rataye ƙafa 10 sama da ƙasa, ƙafa 4 daga jikin bishiya. Ni tawa ƙarin hidimar ita ce alwala da ruwan da ke sa haƙora rawa, da jiran magariba da ba ta yi sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare. Ranar farko aka tambaye ni me nake ci me ba na ci, daga nan tukunyar wakena daban, ba a sake tayar da zancen ba.

Masu yawon ƙafa da yawa ba sa son ganinmu, kuma ban ce ba su da hujja ba. Doki ɗaya yana dama laka fiye da mutane da yawa, ga kashi, ga ƙuda. Amma katakon gadar da suke takawa da kayan ma'aikatan da ke can tsakiyar daji, a bayan alfadari suka shiga. Wani binciken gwamnatin tarayya na 2013 ya nuna hukumar gandun daji na da hanyoyi kusan mil 158,000, kuma kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke cikin yanayin da ya dace. Wannan na cikin abin da ya sa aka yi dokar 2016 mai neman a ƙara yawan 'yan sa kai.

A tsakaninmu ma akwai gardamar da ba ta ƙarewa a bakin wuta. Wasu na ganin a ba da izinin zarton inji ko na 'yan makonni ne a farkon bazara, tunda matattun bishiyoyi sun fi ƙarfin hannu, mahayan kuma yawancinsu sun yi furfura, matasa ba sa zuwa. Ranar da kafaɗata ke ciwo nakan ji kamar in bi bayansu. Amma ina tare da masu cewa a'a. Wanda ya nemi a sassauta masa doka don zartonsa, ba shi da bakin hana mai keke ko mai babur gobe, kuma dokar hana injin nan ce ta sa har yanzu ake bukatar doki a wurin. Abin da ya fi damuna shi ne wasa zarton. Haƙori ɗaya-ɗaya ake bi da magagari, aikin sa'o'i ne, kuma waɗanda suka iya shi a yankinmu ba su da yawa. Na sa sunana cikin masu son koyo a hunturun bana, an ce in fara nemo tsohon zarton da ba za a yi kuka ba in na lalata shi.