Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tukunyar Baba da Ƙarfe Bakwai da Rabi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na tsaya a inda na bar ɗakin kwanan ɗalibai na kama haya wajen wata tsohuwa a unguwar Dorcol da ke Belgrade, babban birnin Sabiya, kusa da masallacin Bajrakli, shi kaɗai ne masallaci a duk Belgrade a lokacin. A yarensu kaka mace ita ake ce wa baba, to ni ma Baba nake ce mata, ita kuma ta ce min ɗana.

Ranar 17 ga Nuwamban 1996 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, gamayyar adawa ta Zajedno ta cinye Belgrade da Nis da wasu manyan garuruwa, sai kawai mutanen Milosevic, shugaban Sabiya na lokacin, suka soke sakamakon. Wallahi da na ji sai gabana ya faɗi, don ni na san 12 ga Yuni, na san yadda abin ya ƙare mana a gida. Amma su waɗannan fitowa suka yi, kullum ta Allah, cikin sanyin da ke sa yatsa ya daskare, ɗalibai daban 'yan siyasa daban, kowa da usur a baki, ana jifan gidan talabijin na gwamnati da ƙwai. Ni baƙo ne, takardar zamana a hannun 'yan sanda take, don haka daga gefe nake kallo.

Abin da ba zan manta ba shi ne ƙarfe 7:30 na dare. Lokacin labaran RTS, gidan talabijin na gwamnati, kenan, wanda ko a nuna dubban mutanen da ke kan titi ba a yi, sai unguwa gaba ɗaya ta buɗe taga a hau dukan tukwane da murafai da cokula don kar a ji ƙaryar. Azumi ya kama a Janairun 1997, ina shan ruwa wajen huɗu da rabi, Baba ta ware min tukunya guda da naman alade bai taɓa shiga ba, kuma ita wannan tukunyar tawa jikarta ke ɗauka ta buga don ta fi ƙara.

Na ɗauka abu ɗaya ya haɗa su, ashe ba haka ba ne. Baba haushinta shi ne Milosevic ya sayar da Sabiyawan yankin Krajina na ƙasar Kuroshiya, ƙanwarta a kan tarakta ta iso gudun hijira daga garin Knin na can a Agustan 1995 da bargo da jikoki biyu, kuma wannan ciwo ne na gaske, na ga matar da idona, ko magana ba ta cika yi ba. A wajen Baba laifinsa shi ne ya faɗi yaƙi. Jikar kuwa, wadda ke karatu a tsangayar falsafa inda ɗalibai ke taruwa, cewa take laifinsa ya fara yaƙin tun farko, kuma ranar Laraba takan je Dandalin Jamhuriya ta tsaya da matan nan masu baƙaƙen kaya da suke tsayuwar shiru don adawa da yaƙi tun 1991, masu wucewa na tofa musu yawu ana ce musu maciya amana.

Wani dare bayan an gama bugun tukwane yarinyar ta ambaci Srebrenica, garin Bosniya da sojojin Sabiyawan Bosniya suka yi kisan kiyashi a 1995. Baba ta ce ƙaryar Turawan yamma ce. Ni ina zaune da kofin shayi, maza da samari Musulmi wajen 8,000 ake magana, na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Na ce Baba, waɗannan da aka kashe alƙiblarmu ɗaya da su. Ta dube ni ta ce ɗana kai daban ne, kai na Tito ne, ku ne 'yan ba-ruwanmu, wato ƙasashen da tsohon shugaban Yugoslaviya Tito ya ƙulla abota da su. Na kasa amsa mata. Matar da ke tashi ƙarfe huɗu na asuba ta ɗumama min sahur ita ce ta faɗi wannan, har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi, kuma har yau ina ƙaunarta.

A ƙarshen Janairu 'yan sanda sun tare titin Kolarceva, ɗalibai suka tsaya gaba da gaba da su dare da rana har kwana da kwanaki, jikar ta dawo muryarta ta dushe, Baba ta jiƙa mata ƙafa a ruwan ɗumi ba wanda ya ce uffan. Ranar 27 ga wata shugaban cocinsu Pavle ya jagoranci jerin gwano aka buɗe hanyar. Cikin Fabrairu gwamnati ta amince da sakamakon, Zoran Djindjic na Zajedno ya zama magajin garin Belgrade, mu kuma muka yi ƙaramar sallah. Kafin shekara ta fita 'yan Zajedno sun ɓata da juna an tsige shi.

A satin da aka tsige shin ne wasiƙar yayana ta iso daga Zariya cewa jikin Inna ya tsananta. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin yadda na nemo kuɗin jirgi.