Yadda na haɗa rassa huɗu da OSPF a Zariya

A bara aka ba ni aikin haɗa kwamfutocin wani kamfani mai rassa huɗu, a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru da cikin birni. Wayar faiba ce ta haɗa yawancinsu, amma tsakanin Samaru da Tudun Wada akwai layin rediyo mai gudun megabit 100. Na zaɓi OSPF, tsarin da na'urori ke amfani da shi wajen zaɓar hanyar da saƙo zai bi, domin RIP, wani tsarin irinsa da na saba da shi, ƙidayar zango kawai ya sani, wato yawan na'urorin da saƙo zai ratsa, ba ya kuma wuce zango 15.

A wannan tsari kowace rauta, wato na'urar da ke tura saƙonni daga reshe zuwa reshe, tana gaida maƙwabtanta duk bayan daƙiƙa 10, kuma idan aka yi daƙiƙa 40 ba a ji ɗuriyar maƙwabciya ba, sai a ɗauka hanyar ta yanke. Kowacce tana shelanta layukan da ke jikinta da tsadar kowane layi, wato lambar da ake auna layin da ita wajen zaɓar hanya, ba kuɗi ba, shelar kuma ta zaga har dukkansu su riƙe taswira iri ɗaya. Daga nan kowacce ta ɗauki kanta a matsayin tushe, ta fitar da hanya mafi araha zuwa ko'ina da lissafin da masanin kwamfuta Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959.

Inda na sha kashi shi ne wajen tsada. Ma'aikatan Samaru suka yi ta kukan nauyin intanet, ni kuwa na kwana biyu ina zargin waya. Ashe a na'urorin kamfanin Cisco ana samun tsada ne ta hanyar raba ma'aunin megabit 100 da gudun layi, kuma sakamakon ba ya gaza 1, saboda haka rediyon da faiba mai gigabit ɗaya, wato megabit 1,000, duk tsadarsu 1 ce. Zuwa Tudun Wada, rautar Samaru ta ga rediyo 1, faibar da ta bi ta Sabon Gari kuma 2 domin layuka biyu ne, ta bi rediyo, kuma bisa taswirar da na ba ta ba ta yi laifi ba. Da na mayar da ma'aunin daga megabit 100 zuwa 10,000 a kan dukkan na'urorin huɗu, domin barin ɗaya a baya yakan hargitsa lissafi, rediyo ya koma 100, faiba 20.

Da damina masu haƙa kwata suka datse faibar. Ina kallon allo lokacin da daƙiƙa 40 ɗin suka cika, saƙonni suka koma kan rediyo ba tare da na taɓa komai ba.