Yadda na tayar da tsohuwar OptiPlex da aka ce bod ɗinta ya mutu

Kwamfutar Dell ce OptiPlex 755, irin doguwar nan mai tsayuwa, 'yar wajen 2007, furosesa Core 2 Duo a cikinta da ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, irin DDR2. Baffana ne ya sayo ta tokumbo saboda Islamiyyar unguwarmu, suna son abin da za su riƙa buga sakamakon jarabawa da rasit ɗin kuɗin wata. Tana kawo wuta, fanka na juyawa, amma monita baƙi ƙirin ko ɗigo babu. An kai wa wani mai gyara ya leƙa sama-sama ya ce bod, wato babban faifan ciki da dukkan sassa ke jone a kansa, ya tafi sai an sauya. Baffa ya kira ni ya ce "kai da kake ta'ammali da waɗannan abubuwa zo ka duba mana kafin in ƙara zuba kuɗi", na ce to Baffa in sha Allahu bayan la'asar ina nan.

Duk tokumbon da ta zo hannuna bayanta nake fara dubawa, wajen da kebul ɗin wuta ke shiga. Da yawa cikin irin waɗannan suna da wani ɗan jan makunni mai 115 da 230, wadda ta fito daga Amurka za ka iya samunta a kan 115, wutarmu kuma 230 ce, kana jonawa sai ƙara da hayaƙi. Wannan dai tana kan 230, alhamdulillahi.

A gaban akwatin akwai 'yan fitilu huɗu masu lamba 1 2 3 4, mutane da yawa sun ɗauka ado ne, alhali da su kwamfutar ke faɗa maka inda ke mata ciwo tun kafin ta iya nuna komai a monita. Da na kunna sai 3 da 4 suka kama suka tsaya cak. A wannan samfurin 3 da 4 na nufin ta ga ram amma ram ɗin ya ƙi aiki, da 2 da 4 ne da sai in ce wajen katin hoto ne, da 1 ce kaɗai to ba ta ga ram ba kwata-kwata. Tun daga nan hankalina ya kwanta, domin bod ɗin da ya iya duba ram har ya kawo ƙara ai da ransa.

Na zare kebul daga bango, na danne makunnin gaba na ɗan lokaci don ragowar wutar ciki ta fita, na taɓa ƙarfen akwatin da hannu sannan na buɗe. Kai ƙura kam ba a magana, ta hunturu ta haɗu da ta inda ta fito ta yi kauri a kan fanka har ta toshe ƙofofin iska. Ram biyu ne a ciki. Na cire su duka, na goge bakin nan mai ruwan zinare da abin goge fensir a hankali, na share ramukan da busasshen buroshi, sai na mayar da guda ɗaya kawai, kuma sai ka danna sosai har maƙallan gefe biyun su ce ƙas da kansu, in ɗaya bai rufe ba to bai zauna ba. Da na farkon fitilu suka wuce. Na biyun kuwa duk ramin da na sa shi sai 3 da 4 su dawo, shi ke nan na san shi ne mataccen na ajiye shi gefe.

Monita ya kawo haske amma ba abin da nake jira ya fito ba, wani rubutu ne da Turanci yana cewa wai akwai katin hoto da aka ƙara a cikin kwamfutar amma an jona monita a ramin VGA na jikin bod, a kashe a sauya. Nan ne wajen da ke rikita mutane, idan akwai katin ƙari to shuɗin ramin VGA ɗin nan na bod ba ya aiki, dole sai ta katin. Na leƙa bayan katin, ramin nasa fari-fari mai faɗi kamar DVI amma ba DVI ba ne, DMS-59 ake ce masa, ƙusoshi 59 gare shi, kuma yana buƙatar wani kebul mai reshe biyu da ke rabuwa zuwa monita biyu, ofisoshin Turai da Amurka suna yawan amfani da shi. Kebul ɗin kuwa bai biyo ta ba, kuma da wuya ka ga ya biyo tokumbo. Dan Allah kar wanda ya tura kebul ɗin DVI a wannan rami da ƙarfi, ba zai shiga ba sai dai ya lanƙwashe ƙusoshin. Makaranta monita ɗaya take buƙata, buga takarda ba ya son wani katin hoto, don haka na kashe na janye ɗan maƙallin da ke ƙarshen ramin na zare katin gaba ɗaya, na koma VGA na bod. Tambarin Dell ya fito tas.

Sai kuma ga akwatin fasawod. Ba na Windows ba, tun kafin Windows ma, na BIOS ne, wato manhajar jikin bod da ke tayar da ita, wanda ofishin da suka yi amfani da ita a can suka sa suka manta ba su cire ba. Iri biyu ne, akwai wanda ke hana ta tashi gaba ɗaya, akwai kuma na admin wanda zai bar ta ta tashi amma ya hana ka canza komai in ka danna F2 ka shiga saitin BIOS. Kafin in taɓa sai da na ce Baffa ya nuna min rasit ɗin saye, ba don ina zarginsa ba, ni dai ƙa'idata ce, ba na cire fasawod a na'urar da ban san asalinta ba saboda kayan sata na yawo kuma ba na son hannuna a ciki.

Kowa ka tambaya zai ce maka cire batirin bod ka jira fasawod zai goge. A wasu kwamfutocin haka ne, a waɗannan kuwa ko kwana batirin ya yi a waje fasawod na nan daram don ba a wurin yake ajiye ba. Hanyar tana jikin bod ɗin, kuma in ka juya murfin da ka cire akwai taswira manne a ciki tana nuna wurin. Wasu 'yan ƙusoshi biyu ne da aka rubuta PSWD a gefensu, ɗan roba shuɗi ya haɗa su, masu gyara na ce masa jampa. Na zare wuta, na cire shi na sa a aljihu don ƙanƙane ne in ya faɗi sai an wahala, na kunna ba tare da shi ba na bari ta tashi, ba ta tambayi komai ba. Na kashe na sake zare wuta na mayar da shi. Mayarwar tana da muhimmanci, in ka bar shi a cire ba za ka iya sa sabon fasawod ba. Akwai wani kuma RTCRST, shi saitin BIOS yake mayarwa na asali, aikinsu daban ne kar a haɗa. In kuwa fasawod ɗin na hadis ne, wato hard disk inda ake ajiye fayiloli, wannan dabara ba ta taɓa shi, a jikin hadis ɗin yake zaune, mafi sauƙi a nemi wani hadis.

Saura abu biyu da suka zama tushensu ɗaya. Duk lokacin da aka zare ta daga wuta sai ta dawo tana cewa a danna F1 ko F2, kwanan wata ya koma baya, sannan tsohon Windows ɗin da ke ciki yana fara tashi sai shuɗin allo mai lamba 0x0000007B ta sake kunna kanta. Batirin bod ne ya ƙare, CR2032 mai kama da kwabo, ya kamata ya ba da volt 3 amma da na auna da mita ko biyu bai kai ba, masu gyaran agogo ma suna sayar da shi. Saboda ya mutu saitin BIOS ke komawa na asali kullum, har da yadda take magana da hadis, an sa Windows ɗin a kan ATA ita kuma ta koma AHCI. Na sauya batir, na gyara kwanan wata, na mayar da saitin ATA, ta shiga Windows lafiya lau. A inda ake ɗauke wuta a dawo da ita ba adadi wannan batir yana shan wahala sosai.

Hadis ɗin na goge shi gaba ɗaya ban buɗe ko fayil ɗaya ba, takardun wasu mutane ne a ciki ba huruminmu ba ne. Na sa Windows 7 sabo, na kuma gaya wa Malam kar a jona ta intanet domin tun Janairun 2020 Microsoft ta daina ba shi kariya, aikin buga takarda da firinta kawai. Na sa sabon fasawod na admin saboda yara masu ƙiriniya, Malam ya rubuta shi a cikin rijistar makaranta da hannunsa. Abin da ya rage wa Baffa ya saya shi ne sitabilaiza da ram guda, na rubuta masa DDR2 a takarda da manyan baƙi saboda a kasuwa DDR3 za a fara miƙo masa, kuma tsagar da ke bakinsu ba wuri ɗaya take ba, ba zai shiga ramin ba.