Maƙalun Bincike da Suka Cancanci a Koma ga Tushensu

Akwai maƙalun bincike da sunansu ya karaɗe duniya, ana ambatonsu a azuzuwan jami'a da shafukan jaridu, amma waɗanda suka zauna suka karanta su daga farko har ƙarshe ƙalilan ne. Ni kaina na daɗe ina kafa hujja da wasu daga cikinsu, alhali abin da na sani game da su bai wuce taƙaitawar da wani ya yi ba. Da na fara komawa ga tushe, sai na tarar da cewa sau da yawa abin da ke bakin jama'a ya sha bamban da abin da marubucin ya rubuta.

Wadda ta fi buɗe mini ido ita ce maƙalar Garrett Hardin da mujallar Science ta buga a 1968. Abin da kowa ya riƙe daga cikinta shi ne misalin filin kiwo na gama-gari, inda kowane makiyayi ke ƙara dabbobinsa domin ribar ƙarin tasa ce shi kaɗai, asarar ciyawa kuwa ta kowa ce, har filin ya ƙare. Sai dai wanda ya karanta ta zai ga cewa ainihin damuwar Hardin ita ce yawaitar al'ummar duniya, kuma filin kiwon misali ne na tunani, ba wani wuri ne da ya je ya bincika ba. Wannan giɓin ne Elinor Ostrom, masaniyar kimiyyar siyasa, ta cike a aikinta na 1990, inda ta tattara bayanan al'ummomin da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna kula da dukiyar haɗaka ba tare da ta salwanta ba, kamar dazuzzukan ƙauyukan Japan da magudanan ban ruwa na Sifen. A ƙauyen Törbel na ƙasar Suwizalan, wata doka ta 1517 ta hana mutum kai shanu makiyayar tsauni fiye da adadin da zai iya ciyarwa a lokacin hunturu. Ostrom ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, kuma a ganina bai dace a karanta Hardin a tsaya nan ba tare da an ji amsarta ba.

A fannin tattalin arzikin dai, ina matuƙar ƙaunar maƙalar George Akerlof ta 1970 a kan kasuwar motoci na hannu. Mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba, don haka mai saye ba zai yarda ya biya kuɗin mota mai lafiya ba. Su kuma masu motocin kirki sai su janye, kasuwa ta cika da rubabbu. Mujallu uku ne suka ƙi karɓar wannan maƙala kafin ta samu shiga, ga shi kuma da ita ake fahimtar matsalolin inshorar lafiya da na bayar da rance.

Wasu maƙalun sauƙinsu ne ke ba mutum mamaki. Ta James Watson da Francis Crick a kan siffar DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, wadda ta fito a mujallar Nature a 1953, da kaɗan ta wuce shafi guda, ko da yake ya kamata mai karatu ya san cewa ta jingina da bayanan da Rosalind Franklin ta samar a ɗakin gwaji. Ta Alan Turing ta 1950, mai tambayar ko na'ura za ta iya tunani, ba ta buƙatar zurfin lissafi, kuma abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya jero hujjoji 9 da za a iya ƙalubalantarsa da su, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba da amsa.

Shahara kuma ba ta nufin inganci. A 2005 John Ioannidis ya buga maƙala a mujallar PLoS Medicine yana cewa mafi yawan sakamakon binciken da ake wallafawa ba daidai ba ne, ya ɗora alhakin a kan ƙarancin waɗanda ake gwaji a kansu, da son zuciya, da 'yancin da mai bincike ke da shi na jujjuya alƙaluma har su ba shi abin da yake nema. Bayan shekara 10, gamayyar masana ta sake gudanar da bincike 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, sai kusan kashi 36 cikin 100 kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Tun daga lokacin, duk maƙalar da ta burge ni sai na nemi sanin ko an sake gwada ta.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka jure gwajin ita ce ta Mark Granovetter, masanin zamantakewa, ta 1973, wadda ta nuna cewa labarin aikin yi ya fi zuwa wa mutum ta hannun waɗanda ya yi wa sanin shanu, wato waɗanda dangantakarsa da su mai rauni ce, domin makusantansa abin da ya sani su ma shi suka sani. A 2022 mujallar Science ta buga sakamakon gwajin da aka yi da mutum miliyan 20 a LinkedIn, dandalin sada zumunta na ma'aikata da masu neman aiki, gwajin da ya goyi bayan wannan ra'ayi tare da gyara guda: dangantaka mai matsakaicin rauni ce ta fi sama wa mutum aiki, ba wadda ta fi kowacce rauni ba.